Faifai Ce Ko Dunƙulen Fura? Tambayar Da Ta Kusa Raba Yaro Da Makaranta

   

A watan jiya na yi muku alkawarin za mu ɗora a kan maganar tashin yara sallar asuba. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa gaba, domin wani abu ya taso a ajinmu na matan aure wanda na kasa kawar da shi daga raina, kuma na tabbata ba gida ɗaya ya shafa ba.

Ranar wata Lahadi, bayan mun tashi daga darasin Risala, sai na lura wata ɗalibata ba ta da niyyar tashi. Baiwar Allah ce mai natsuwa, ta girme ni da kusan shekara goma, ba ta fashi, ba ta kuma cika magana a aji ba. Sai da kowa ta watse sannan ta matso ta ce, "Malama, don Allah wata tambaya gare ni, amma kada ki yi mini dariya. Wai duniyar nan da muke kai, shimfiɗaɗɗiya ce ko mulmulalliya?" Na ce, "Haba Yaya, ai ba a dariya a kan neman sani. Me ya kawo wannan tambaya?" Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Ashe ɗanta ne na fari, ɗan shekara 13, da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ya dawo gida da ɗokinsa yana ba da labarin malaminsu ya zo aji da ƙwallon nan mai taswira a jiki, ya ce haka duniya take. An yi rashin sa'a ƙanin babansa yana zaune. Nan take ya ce wannan magana kafirci ce, Allah ya ce ya shimfiɗa ƙasa, Turawa ne suka ƙirƙiro zancen ƙwallo don su ƙaryata Alƙur'ani, ya kuma zaro waya ya kunna wani bidiyo da aka turo masa ta WhatsApp. Yaro da ƙuruciya ya tsaya gardama da baffansa. Uban ya fito ya kwashe shi da mari, ya ce in dai abin da ake koya musu ke nan, to daga ƙarshen wannan zango ya gama boko.

Ta ce duk wannan bai tayar mata da hankali ba kamar abin da ya biyo baya. Bayan kwana biyu tana wanke-wanke, yaron ya zo ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Umma, idan maganar malaminmu ta zama gaskiya, ke nan Alƙur'ani ne ya yi kuskure?" Ta ce, "Malama, wallahi sai da kwanon hannuna ya kusa faɗuwa. Ni ban yi boko ba, ban san me zan ce masa ba, sai kawai na ce ya yi istigfari."

'Yar uwa, dubi inda aka kai yaron nan. An ɗora masa a rai cewa dole ya zaɓi ɗaya, ko makaranta ko Littafin Allah. Idan ya zaɓi abin da baffansa ya faɗa, ya yi asarar karatunsa. Idan kuwa ya girma ya hau jirgi, ya ga abin da ya gani da idonsa, ya gane malamin ajinsu ne ke da gaskiya, to wa zai cire masa zaton cewa addini ne aka kama da kuskure? Alhali babu wanda ya ce sai ya zaɓa, in ba mu ba.

Na ce mata ta zauna, mu fara da abin da ita kanta ta riga ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Na tambaye ta, da azumi wa ke riga shan ruwa, mutanen Maiduguri ko na Sakkwato? Ta yi murmushi ta ce ai kowa ya sani, na Maiduguri ne, domin ƙanwarta tana aure a can, kuma takan kira ta tana tsokanarta wai su har sun kai ga kunu ita tana nan tana suyar ƙosai. To haka ne. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan rabin sa'a a faɗuwar rana, ga shi agogo ɗaya suke bi, ƙasa ɗaya ce. Ki ƙara matsawa gabas zuwa Makka, tazarar ta kai wajen sa'a biyu tsakaninsu da Kano. Shi ya sa za ki ga ana shirin tayar da sallar isha'i da tarawihi a Harami ta talabijin, ke kuwa a lokacin ne kike jera dabino a faranti kina sauraron ladan. Wadda ke da ɗa yana karatu a Malesiya ta san idan ta kira shi bayan la'asar ɗinmu, shi dare ya riga ya raba a wurinsa. Da a kan faifai muke gaba ɗaya, rana ɗaya na haska mu, ai da ta fito kowa zai gan ta lokaci guda, da ta faɗi kuma kowa ya sha ruwa tare.

Masu bidiyon nan suna da amsar da suke bayarwa a nan, kuma gara ki ji ta daga bakina kafin ɗanki ya zo miki da ita. Suna cewa wai rana kamar fitila take, tana kewaya saman faifan, idan ta yi nisa da ku sai haskenta ya daina iso ku, shi ne dare. To uwargida, ki fita tsakar gida ko ki hau bene da almuru ki duba. Duk abin da ke yin nisa ƙanƙancewa yake yi. Jirgin sama idan ya wuce, yana raguwa ne har ya koma kamar ƙuda sannan ya ɓace a cikin sararin sama. Rana ba ta yin haka. Da girmanta take sauka, ƙasa ta fara cinye gindinta, ta cinye rabinta, saura ɗan baki, sannan ta nutse. Ba nisa ya ɓoye ta ba, wani abu ne ya shiga tsakaninku, kuma wannan abin shi ne doron ƙasar da kike tsaye a kai. Mu da muke karanta fiƙihu ma ai da haka aka koya mana shigar magariba, wato ɓacewar ƙwayar rana baki ɗayanta.

Sai kuma zazzaɓin wata. Na san da yawanku ba ku manta da na daren Juma'a 27 ga Yuli 2018 ba, wanda wata ya yi jajir ya daɗe a haka fiye da sa'a ɗaya da rabi, masallatai suka cika da sallar husufi, yara kuma suna ta kaɗa gwangwani a unguwa. Abin da ke faruwa a irin wannan dare shi ne ƙasa ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kansa. Wato wannan duhun da kike gani yana cin wata, inuwar duniyarmu ce, kuma duk wanda ya lura zai ga bakinta a lanƙwashe yake. Ba a taɓa ganin ta miƙe kamar sanda ba, ko husufin ya zo da farkon dare, ko tsakiyarsa, ko gab da asuba. Idan an ɗauke wuta yau da dare, ki gwada wa yara. Ki kunna tocila ki haska bango, ki riƙe faifai a tsakani. In kin fuskantar da shi sosai inuwarsa za ta fito a kewaye, amma kina ɗan karkata shi za ta koma kamar ƙwai, ki ƙara karkatawa ta zama siririn layi. Sai ki ajiye faifai ki ɗauki lemo ko dunƙulen fura. Duk yadda kika juya shi, inuwar ba ta canzawa. Abu mulmulalle ne kaɗai ke da wannan hali. Masanin nan na Girka, Aristotal, ya kafa hujja da wannan tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, lokacin babu jirgi, babu kyamara, balle a ce hoto aka haɗa.

Ɗalibata ta yi shiru, can ta ce, "Malama na ji wannan. Amma ayar fa? Ai ita ce ta ɗaure ni." Na ce yauwa, yanzu kika zo inda ya fi muhimmanci, kuma a nan ba zan ɓoye miki komai ba.

Gaskiya ne Alƙur'ani ya ambaci shimfiɗa ƙasa a wurare da dama, a Baƙara, da Ra'ad, da Nuhu, da Gashiya da sauransu. Gaskiya ne kuma akwai manyan malamai da suka fahimci waɗannan ayoyi a kan cewa ƙasa ba ƙwallo ba ce. Imamu Ƙurɗubi, babban malamin tafsiri na mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, yana cikinsu. Haka ma Jalalaini, littafin da ake ja mana baki da shi a tafsirin azumi kusan a kowane gari, ya tafi a kan haka a Suratul Gashiya. Ina jin daga nan ne mafi yawan mutanenmu suka samo maganar, don haka ba na ganin laifin dattijon da ya tashi a kanta. Amma don Allah duk mai Jalalaini a gida ta sa a buɗe mata wurin a karanta har ƙarshen jimlar. Shi kansa Imamu Mahalli, wanda ya rubuta wannan ɓangare, bayan ya faɗi ra'ayin da ya zaɓa, sai ya ƙara da cewa maganar masu ilimin taurari ba ta rushe ko rukuni ɗaya na shari'a ba. Kin ga ko a wurin wanda ya ce shimfiɗaɗɗiya ce, ba maganar kafirci ba ce. To ina baffan yaro ya samo nasa hukuncin?

A ɗaya ɓangaren kuma ga malamai jibga-jibga. Ibnu Hazmin na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, wato shekarar 1064, ya tsaya kai da fata a littafinsa Alfisal cewa ƙasa mulmulalliya ce, kuma da Alƙur'ani ya kafa hujja. Ya kawo aya ta 5 a Suratuz Zumar, inda aka siffanta shigar dare a kan yini da yini a kan dare da kalmar da Larabawa ke amfani da ita wajen naɗa rawani. Ya ce ai ba a naɗa rawani sai a kan abu mai kewaye. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya naƙalto daga Ibnul Munadi, ɗaya daga magabatan malaman Hambaliyya, cewa malamai sun haɗu a kan ƙasa kamar ƙwallo take. Ibnu Khaldun, wanda ya yi alƙalancin Malikiyya a Masar, da wannan siffa ya buɗe bayanin ƙasashe a Muƙaddimarsa. Shi kuwa Fakhruddin Arrazi, mai babban tafsiri, shi ya warware ƙullin da kyau. Ya ce ƙwallo idan ya kai matuƙa wajen girma, kowane yanki nasa shimfiɗa ne ga wanda ke kansa.

Ki tsaya a kan wannan magana ta Arrazi, domin ita ce amsar da yaron nan yake nema. Kewayen duniya ya kai kimanin kilomita 40,000. Ke kuwa idan kika tsaya a fili fetal, babu gini babu tudu, iyakar ƙasar da idonki zai hango ba ta wuce kilomita 5 ba. Kashi ɗaya ke nan cikin dubu takwas. Ta yaya za ki ga lanƙwasa a ɗan wannan? Ɗora cinnaka a kan ƙatuwar kankana, ki tambaye shi a kan me yake tafiya, zai rantse miki a kan tabarma yake. Allah ya shimfiɗa mana ƙasa da gaske: muna noma a kanta, muna gini, muna tafiya, muna shimfiɗa darduma mu yi sujada ba mu gangara ba. Wannan ita ce ni'imar da ayoyin ke tuna mana. Siffarta gaba ɗaya kuwa, idan aka hange ta daga nesa, dunƙulalliya ce. Ayar gaskiya ce, abin da malamin aji ya faɗa ma gaskiya ne, ba su taɓa karo ba.

A nan bari in ɗan ja kunnen 'yan uwana malaman Islamiyya. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa wai wata kalma a Suratun Nazi'at ma'anarta ƙwan jimina, saboda haka Alƙur'ani ya faɗi siffar duniya ƙarara. Ni dai ba na koyar da wannan. Tafsiran farko da shimfiɗawa suka fassara kalmar, kuma abin da ke da alaƙa da jimina a asalin kalmar shi ne gurbin da take share wa ƙwanta, ba ƙwan ba. Ba mu da buƙatar mu matsa wa aya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba don mu burge 'yan boko. Yaran yanzu suna bincike, ranar da ɗaya ya gano an yi masa ƙari, sauran gaskiyar da kika gaya masa ma sai ya sa mata alamar tambaya. Haka kuma kada a cakuɗa maganar siffar ƙasa da maganar juyawarta. Mas'ala biyu ce daban, kuma da yawa daga malaman da na ambata a ta farko kawai suka yi wannan magana. Ta biyun sai wani watan, in da rai.

Abin da ya fi ba ni takaici a zancen baffan yaron shi ne cewa wai Turawa ne suka kawo maganar don su rushe addini. Wallahi an juya tarihi. Wajen shekarar 830, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana cikin hamadar Sinjar, a ƙasar Iraƙi ta yau, suka yi ta awo da igiya suna duban tsayin rana, don su gano girman kewayen duniya, kuma abin da suka samu bai yi nisa da lissafin yau ba. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya hau dutse a wani wuri da ke cikin Pakistan ta yanzu ya sake awon ta wata hanya, ya kuma rubuta littafi sukutum wanda babban burinsa shi ne fitar da alƙiblar birnin Gazna daidai. Kin ji abin da ya sa Musulmi suka riƙe wannan ilimi da hannu biyu: salla. Ba a fitar da alƙiblar gari mai nisa sai da lissafin ƙwallo. Har gobe haka ne. Idan kika shimfiɗa taswira a tebur, za ki ce mutumin Amurka kudu maso gabas zai duba, tunda Makka ta fi su kusa da tsakiyar duniya. Amma babban masallacin birnin Washinton, da aka buɗe a 1957, arewa maso gabas yake kallo, domin a kan ƙwallo ta nan ce hanya mafi kusa zuwa Ka'aba. Manhajar alƙibla da ke cikin wayar baffan nan, wadda yake dubawa idan ya yi tafiya, da wannan lissafin take aiki.

To su kuma masu bidiyon, daga ina tasu ta fito? Zancen faifai mai katangar ƙanƙara a gefe, da ƙaramar rana mai kewaya samansa, ba ya cikin Ƙurɗubi, ba ya cikin Jalalaini. Wani Bature ne ɗan Ingila, Samuel Rowbotham, ya tsara shi a ƙarni na 19, yana jingina shi da yadda ya fahimci Baibul. A 1956 aka kafa wata ƙungiya a Ingila a kan wannan ra'ayi, ta yi ta surutunta ba mai kula ta, sai wajen 2015 YouTube ya farfaɗo da zancen. Daga nan wasu suka kwaso, suka fassara da Larabci da Hausa, suka liƙa ayoyi a kai. Ashe ke nan wanda ke cewa yana gudun kayan Turawa, shi ne ya yi dakon nasu, kuma mafi araha a ciki. Wani abin dariya ma, a Disambar 2024 wani fasto ɗan Amurka ya ɗauki nauyin kai wasu daga cikin mashahuran masu wannan ra'ayi can ƙarshen kudancin duniya, yankin ƙanƙara na Antatika, don su ga ko rana na kwana ba ta faɗi ba a wannan lokaci na shekara, abin da taswirarsu ta ce ba zai yiwu ba. Suka zauna sa'a 24 rana na kewaya su, ɗaya daga cikinsu ya fito a bidiyo ya amsa cewa ya yi kuskure a kan wannan.

Kada wata ta ce ai wannan gardamar 'yan zaman majalisa ce, ba ruwan mace da ita. Mu a arewa mun ga inda irin wannan tunani ya kai. A 2009, a hirar da BBC ta yi da shi, Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya lissafa maganar cewa duniya mulmulalliya ce cikin abubuwan boko da yake ganin sun saɓa wa addini. Abin da ya biyo baya ba sai na tuna wa kowace uwa ba: ɗaliban Buni Yadi a Fabrairun 2014, 'yan matan Chibok 276 a Afrilun wannan shekarar. Allah ya kiyaye in ce duk mai ganin ƙasa a shimfiɗe take yana tare da su, kakata ma a haka ta rasu, kuma ban san wadda ta kai ta tsoron Allah ba. Abin da nake cewa shi ne, kalmar "kafirci" ba abar wasa ba ce da za a jefi darasin aji biyu da ita. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya yi wannan gargaɗi a gabatarwar littafinsa Tahafutul Falasifa, kuma da misalin husufi ya yi shi. Ma'anar maganarsa ita ce, wanda ya ɗauka yana taimakon addini ta hanyar musa abin da lissafi ya tabbatar, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai koma yi wa shakka. Kamar yana kallon ɗan ɗalibata ya rubuta.

Akwai tambayar da na san tana bakin wata yanzu, domin ita ma ɗalibar tawa ta yi ta: to waɗanda ke ƙarƙashin ƙwallon, ya ba su faɗowa, ruwan teku kuma ya bai tsiyaye ba? Amsar ita ce Allah ya sanya wa ƙasa wani ƙarfi da take janyo komai zuwa cikinta. Saki cokali a Kano, zai nufi cikin ƙasa. Wata ta saki nata a Ostireliya, shi ma cikin ƙasa zai nufa. Duk inda mutum yake a bayanta, ƙafarsa na wajen cibiyarta, sama na bisa kansa, kowa gani yake shi ne a sama. Kuma ba Turawa kaɗai suka je suka gano ba. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985. Wani likita ɗan Malesiya ya je a 2007, har sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi salla, domin tashar da ya sauka tana kewaye duniya cikin kusan minti 90, rana ta fito masa ta faɗi sau 16 a yini guda. A Mayun 2023 mace ma ta je, Rayyana Barnawi, 'yar Saudiyya.

Yanzu ga wani aiki da nake so kowace uwa ta yi da 'ya'yanta, riba biyu ne a cikinsa. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba, har abin da aka kafa a tsaye a Harami ya rasa inuwa. Na farko ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, na biyu ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. 'Yan uwanmu na Ghana sai su rage sa'a ɗaya. Idan Allah ya sa babu hadari, ki kafa taɓarya ko sanda a miƙe sosai a inda ƙasa take a daidaice. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar kuma tana nuna kishiyarta. Ki ja layi a ƙasa, kin sami alƙiblar gidanki ba da kamfas ba. Sai dai ki hana yara ƙura wa rana ido. Riba ta biyu, ki sa ɗan makarantar ya ɗauko abin awo. Idan tsawon sandar mita ɗaya ne, a Kano inuwar za ta kai wajen santimita 61, a Maiduguri wajen 51, a Sakkwato wajen 67, a Makka kuwa babu ko kaɗan. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, inuwa huɗu. Wannan karkata ta Kano ta kai wajen digiri 31, wato kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya da rabi na cikakken kewaye. Tsakanin Kano da Makka kuwa kimanin kilomita 3,500 ne. Ya ninka 3,500 sau goma sha ɗaya da rabi ya gaya miki abin da ya samu. Da irin wannan dabara ce wani masani a Iskandariyya ta Masar ya auna duniya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da inuwar sanda da labarin wata rijiya a Aswan.

Game da maigida kuwa, abin da na gaya wa ɗalibata shi zan gaya muku. Kada ki tare shi da "Malama ta ce" a gaban yara ko a gaban ƙaninsa, domin ko yana da niyyar saukowa kin toshe masa hanya. Ki bari sai ya ci ya sha, hankalinsa ya kwanta, ki gaya masa tambayar da yaron ya yi miki, ita kaɗai ta isa ta girgiza kowane uba. Sannan ki roƙe shi ya kai maganar gaban malamin da shi ya yarda da shi, a buɗe littafi a duba. Shi kuma yaro a nuna masa gardama da baffa a gaban mutane ba tarbiyya ba ce, ko da shi ke da gaskiya, ya je ya ba da haƙuri. Idan kuma ɗanki ya zo miki da tambayar da ta fi ƙarfinki, ba abin kunya ba ne ki ce masa, "Ban sani ba, amma bari mu tambaya." Ya fi ki ce ya yi istigfari a kan abin da ba zunubi ba.

Bayan mako biyu ta dawo aji da fara'arta. Ta ce maigidan ya sami limamin unguwarsu bayan sallar isha'i, liman ya ɗauko Jalalaini ya karanta masa wurin har ƙarshe, ya kuma ce masa ya bar yaro ya yi karatunsa. An biya kuɗin zango mai zuwa. Baffan dai yana nan a kan bakansa, ya ce sai ya gani da idonsa, ita kuma ta ce ta ware taɓaryar da za a kafa, ta sa yaron ya rubuta ranar a bangon kicin don kada a manta, kuma shi baffan za ta sa a kira ya riƙe abin awon.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar asubar yara. Wassalamu alaikum.